Sunana a Gaba, Nata a Baya

Ni mutum ne mai ƙara wa zance gishiri, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. In na dawo gida na ce kura ta biyo ni, maiɗakina ba ta ko ɗago kai daga tsintar shinkafa, sai ta ce, "Ɗan kwikwiyon gidan wa?" A majalisarmu ta bakin masallaci a Unguwar Sarki kuwa, an daɗe da yanke shawarar cewa duk abin da na faɗa a raba shi kashi-kashi a ɗauki ƙaramin, shi ma a wanke shi tukuna. Wannan labarin dai ban ƙara masa komai ba. Da ana iya rage masa ma, da na rage.

Aikina koyar da kimiyyar harshe a jami'a. Mu a wannan aiki, ko ka koyar har muryarka ta dishe, ko ɗalibanka sun cika Kaduna sun malala Zariya, ranar ƙarin girma tambaya ɗaya ake yi maka: maƙala nawa ka buga, kuma a wace mujalla? Mujallun kuwa iri-iri ne. Akwai ta gida, wadda ofishin editanta yake kallon naka, ka ba shi maƙala da hantsi, kafin azahar ya leƙo ya ce masu tantancewa sun yaba ƙwarai. Akwai kuma ta ƙetare, wadda in ka aika mata aiki sai ka yi furfura kana jira. Su waɗannan sukan cire sunanka daga takardar, su miƙa ta ga masana biyu da ba su san ka ba, kai ma ba ka san su ba. Na farkon yawanci mutumin kirki ne. Na biyun kuwa, ina jin a duk duniya mutum ɗaya ne, tun yana yaro wani ya ɓata masa rai har yau bai huce ba.

Ina da wata ɗaliba da na duba wa kundin digiri na uku, wadda daga baya aka ɗauke ta aiki a sashenmu. Mace ce mara yawan magana, irin waɗanda in na yi ba'a sai su jira in gama dariyata sannan su ci gaba da abin da ya kawo su. Iyayenta mutanen wani ƙauye ne cikin duwatsu, kudu da nan, masu wani ƙaramin yare da in ka ambaci sunansa a tashar Kawo sai a zaci sunan magani ne. Ita a Kaduna aka haife ta, nan ta girma, nan ta yi aure, mijin kuma ba ɗan yarensu ba ne. Amma duk hutu sai ta hau mota ta tafi ƙauyen da 'yar na'urar ɗaukar murya, ta zauna gaban tsofaffi tana sa su magana. Ta dawo da kaushi a ƙafa da zazzaɓi a jiki da jimloli cike da jaka.

Daga cikin kundin nan ta fitar da maƙala, muka aika wa wata mujallar ƙetare mai daraja. Aka dawo da ita, ta gyara. Aka sake dawowa da ita, ta sake gyarawa. Ni abin da na yi shi ne na karanta, na daidaita Turancin, na datse inda ya yi tsawo, sannan na rubuta wa mai tantancewa na biyu amsoshi masu laushi, domin ita amsar da ta fara rubuta masa da an aika da sai an kira 'yan kwana-kwana. Na yi aiki, ba zan ce ban yi ba. Amma yaren nan ko sannu ban iya da shi ba.

A sashenmu akwai al'ada, ba a rubuce take ba amma ta fi wadda aka rubuta ƙarfi. In ɗalibi ya ciro maƙala daga kundinsa, sunan malamin da ya duba shi ne a gaba. Haka na yi wa malamina, shi ma haka ya yi wa nasa. Ita da kanta ta sa sunana a farko, ba ta tambaye ni ba, ni ma na gani na wuce kamar yadda mutum ke ganin hularsa a kansa cikin madubi.

Ranar da maƙalar ta fito, ban jira la'asar ta yi sanyi ba na isa majalisa. Na ce Turawa sun buga ni. Aka ce a kan me? Na ce a kan wani yare da ba a taɓa rubuta shi ba tun da aka halicci duniya. Wani tela da muke zama da shi ya ce, "Kai Malam, yaushe ka koyi yaren?" A nan ne bakina ya kwance. Na ce ai na hau duwatsun nan da rarrafe. Na ce na kwana a kogo, macizai suna yi mini gadi. Na ce tsofaffin garin sun ce tun da suke ba su ga baƙon da ya kama harshensu da wuri kamar ni ba. Majalisa ta yi dariya, aka raba zancen kamar yadda aka saba. Abin da na manta shi ne telan nan sabon shiga ne, bai san ana rabawa ba. Ya ɗauki labarin ɗungurungum ya kai shagonsa, maƙwabcin shagon kuma, mai sayar da kayan gyaran keke, ɗan yaren ne.

Ba a daɗe ba ta shigo ofishina ta rufe ƙofa, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, mutanenmu suna neman ka."

Na ce, "Na ci bashin wani ne a can ban sani ba?"

Ta jira na gama dariya. Sannan ta yi mini bayani. 'Yan garinsu mazauna Kaduna suna da ƙungiya, suna taruwa a Hayin Banki. Damuwarsu ita ce yaran da aka haifa a nan ba sa jin yaren, daga Hausa sai Turanci, kaka ta zo daga ƙauye jikanta yana kallon ta kamar rediyon da ya kama wata tasha. Sun daɗe suna son a rubuta littafin koyon karatu na yara da yaren. Ita kuma wannan littafi shi ne abin da ya kai ta karatun tun farko. Ta je musu sau da yawa da takardunta. Sukan ce madalla, Allah ya yi albarka, ta koma baya wajen mata ta taya raba kunu. A wurinsu yarinya ce haihuwar birni, ta auri bare, me ta sani?

"Yanzu ɗan shugaban ƙungiya ya ga maƙalar a intanet ya buga musu," in ji ta. "Sun ga sunanka a gaba. Sun kuma ji labarin kogo."

Na ce, "Wannan ai raha ce ta majalisa."

"Ban zo don kogon ba, Malam. Za su ba ka shugabancin kwamitin littafin. Ka karɓa. Ka ce aiki ya yi maka yawa, kana bukatar mataimaki, ka ambace ni. Daga bakinka za su yarda. Ni zan yi komai, kai dai ka riƙa zuwa taro kana gyaɗa kai."

Na ce ai gara a faɗa musu gaskiya. Ta ce gaskiyar za ta fito da kanta in suka ga wanda yake aikin, amma sai an bar ta ta shiga ɗakin tukuna. Har ta kai ƙofa ta juyo.

"Abu ɗaya nake roƙo, Malam. Don Allah kada ka yi dogon bayani."

Na dafa ƙirji na ce ranar za ta zaci bebe ta kawo.

Ranar Asabar ɗin taron na saɓa babbar riga, wadda maiɗakina ke cewa in na sa ta nakan yi kama da tantin biki. Na ɗauki abokiyar aikin nawa a Kawo muka shiga Hayin Banki. A wani ajin firamare ake taron, an jera bencinan yara, manyan mutane sun zauna gwiwoyinsu na taɓa haɓa. Ina sa ƙafa mata suka rangaɗa guɗa daga baya, aka ɗauki waƙa da yaren. Ban san me ake cewa ba, amma na ga ana nuna ni, sai na riƙa murmushi ina ɗaga hannu kamar ɗan takara. A jikin allo sun rataye shafin farko na maƙalar, an sa shi cikin gilas. Ga sunana nan a gaba, wani ma ya ja masa layi da jan biro.

Ita ta wuce baya wajen mata. Shugaban ƙungiyar, wani dogon dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya kira ta ta dawo kusa da ni, wai ko Dakta zai bukaci ruwa.

Shugaba ya yi jawabi da Hausa saboda yaran da ke wurin. Ya ce yau Allah ya nuna musu ranar da yarensu ya shiga littafin Turawa. Ya ce ga bawan Allah, ba danginsu ba, ba surukinsu ba, ya bar gidansa ya hau duwatsunsu, har ya kwana a kogo. Da ya zo kan macizai sai aji ya ɗauki salati da tafi a haɗe. Ni kuwa gumi ya fara bin bayana yana taruwa a mazagin wando. Na dubi ƙasa, na ga siminti ne, ba inda mutum zai shige. Duk da haka na daure. Na ce a raina saura kaɗan, in ce na karɓa, in ambace ta, a sha kunu a watse.

Sai aka taso da wani tsoho daga bencin gaba, ana riƙe da shi ta kafaɗa. Idanunsa sun yi fari, da ƙyar yake gani. An ce daga Katabu aka ɗauko shi musamman, wurin ɗansa yake zaune. Ya laluba ya kama hannuna da hannayensa biyu, ya fara magana da yaren, a hankali. Abokiyar aikina ta matso tana fassara mini ƙasa-ƙasa.

Dole in ɗan yi bayani a nan. Maƙalar kimiyyar harshe cike take da jimlolin misali, kowace da lambarta. Mu ba ma kallon abin da jimlar ke faɗa, ƙirarta muke kallo, kamar mahauci da akuya. A maƙalar nan akwai wata jimla da na wuce ta sau ba adadi ina gyara fassararta: awakin ƙanena sun sake shiga gonata. A ƙasanta an rubuta cewa daga bakin wata tsohuwa aka ɗauka, ba suna, sai shekarunta da unguwarsu.

"Ya ce jikansa ya karanta masa misalan," in ji ta a kunnena. "Ya ce da aka zo wannan, ya gane mai maganar. Yayarsa ce. Ƙanen da ake faɗa shi ne, awakin nasa ne. Sun yi faɗa a kan gonar, ya taho Kaduna ba su shirya ba, ta rasu bai je ba."

Tsohon ya ƙara matse hannuna ya yi wata gajeriyar magana, ya tsaya yana jira, fuskarsa a ɗage.

Ta fassara mini. "Yana tambaya, da ka zauna da ita, da fushi ta faɗi maganar, ko da dariya?"

Na yi ƙarya a rayuwata iri-iri, ta nishaɗi da ta kare kai, amma wannan ba ni da ma'ajin da zan ciro ta. Tsoho yana riƙe da hannuna, hawaye na bin tsagar fuskarsa, yana jira in gaya masa yadda yayarsa ta rabu da duniya game da shi. Kunyar da ta rufe ni ta fi babbar rigar nauyi. Na ji abokiyar aikina ta taɓa gefen hannun rigata ta ce, "Malam, ka ce in amsa masa." Hanya ce ta buɗe mini, mai sauƙi, mai faɗi. Ban bi ba. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Ban taɓa ganin tsohuwar nan ba."

Da na tsaya a nan, da wataƙila an tsira. Amma ni bakina in ya buɗe ba ya san rabin hanya. Yadda na ƙara wa ƙaryar gishiri a majalisa, haka na juye wa gaskiyar buhu guda. Na ce ban taɓa taka ƙasarsu ba, ko a taswira aka ce in nuna garin sai in nuna Legas. Na ce kogon da na taɓa kwana a ciki shi ne ɗakin maiɗakina ranar da aka ɗauke wuta. Wasu matasa suka yi dariya, dariyar kuwa ta ƙara mini mai. Na ce wannan baiwar Allah ita ta yi komai, daga alif har ya, ni sunana kawai aka manna kamar tambarin kamfani a buhun shinkafa. Na ce ni ko karanta maƙalar ban yi ba sosai, in aka tambaye ni abin da ke shafi na biyu sai dai in nemi lauya. Wannan ƙarya ce tsagwaronta, na karanta ta har na kusa haddacewa, amma a lokacin gani nake duk yadda na ƙasƙantar da kaina haka nake ɗaga ta.

Na zauna ina haki, har ina jin wani sanyi-sanyi a ƙirji kamar wanda ya yi aikin lada. Sai na lura ba wanda ya tafa.

Shugaba ya gyara tabarau. Ya ce, "Dakta, ranka ya daɗe, bari in fahimta. Wato aikin nan ba ka duba shi ba?"

Na ce, "A'a, Baba, na duba, wato abin da nake nufi…"

"Yanzu ka ce ba ka karanta ba."

"Na karanta mana. Salon magana ne kawai."

Ya dubi sauran dattawan, suka dube shi. Ya ce, "To, su Turawan da suka buga, sunanka suka gani suka yarda, ko nata?"

Nan na ga dama ta samu in gyara ɓarna. Na ce ai abin alfaharin ke nan, ba su ga sunan kowa ba. Na bayyana masa yadda ake cire suna, a ba masanan da ba su san marubuci ba, don kada a yi son kai.

"Ba su san ko waye ya rubuta ba?"

"Ko kaɗan, Baba."

"Su masanan, suna jin yarenmu?"

Na ce ba lallai ba ne, amma sun san ka'idojin harsuna.

Ya jinjina kai a hankali. "Wato wanda sunansa ke gaba bai ji yaren ba. Waɗanda suka tantance ba su ji ba, ba su kuma san wa suke tantancewa ba. Saura yarinyarmu ita kaɗai, da abin da ta ce ta ji." Ya juya wajenta, ba da faɗa ba, har da ɗan murmushi. "'Yata, kin yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Maganar littafi kuma za mu zauna mu yi shawara."

Ta ce, "Na gode, Baba." Ta durƙusa gaban tsohon nan ta yi masa magana da yaren, 'yar gajeruwa. Ya saki wani dogon numfashi, ya dafa kanta. Sannan ta tashi ta koma baya ta ɗauki ludayin kunu.

Mutanen nan ba su wulaƙanta ni ba, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Aka cika mini kofi, aka ƙara. Da za mu tafi suka kawo wani jan zakara da suka tanada don shugaban kwamiti, na ce a bar shi, shugaba ya ce kyautar da aka yi niyya ba ta komawa. Aka ɗaure masa ƙafa aka sa mini a but ɗin mota.

Muka kama hanya, zakaran yana ta bugun but da fukafukai. Mun kusa gadar Kawo na kasa haƙuri.

Na ce, "Me kika gaya wa tsohon?"

"Da dariya tsohuwar ta faɗa. Har ta ce awakin sun fi shi zumunci, su suna zuwa."

Na ce alhamdu lillahi. Na ce ta gani ai, ba yadda za a yi in yi wa mutum irin wannan ƙarya.

"Ban ce ka yi masa ƙarya ba, Malam. Cewa na yi ka bar ni in amsa." Tana kallon titi take maganar, muryarta ba ta tashi ba. "Abin ya yi maka nauyi, ka sauke. Ba ka duba inda ya sauka ba."

Ta ce in ajiye ta a bakin tasha, za ta shiga kasuwa.

Da na ba maiɗakina labari, ba ta tambayi ɗan kwikwiyon gidan kowa ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Kai kuwa, Malam." Zakaran ya yi makonni yana yawo a tsakar gida yana tashin mu da asuba, na kasa sa a yanka, daga ƙarshe ta aika wa ƙanwarta da shi.

Na yi ƙoƙarin gyarawa. Na je gidan shugaba da ƙafata, ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ai ya gane, sai dai yanzu bai san wanne daga cikin bayanaina zai kai wa jama'a ba. Na rubuta wa editan mujallar ina tambaya ko za a iya juya sunayen. Ya amsa cewa sai dai a buga sanarwar gyara, kuma sai mu biyun mun sa hannu. Na kai mata takardar. Ta karanta ta tura mini abata.

"Mujallar ba ta hana ni komai ba, Malam. Bar shi yadda yake."

Ƙungiya ta ba wani tsohon hedimasta aikin, mutumin kirki, haihuwar ƙauyen. Ta aika masa da jerin kalmominta da duk abin da ta ɗauka a na'ura, ya yi godiya, ya yi amfani da abin da ya ga dama. Da littafin ya fito ta shigo ofishina da kwafi ɗaya ta ajiye a kan tebur, ɗan siriri, bangonsa kore, da zanen duwatsu. Na buɗe shafin 'yan kwamiti na bi da yatsa, na juya shafin godiya na bi har ƙasa. Ba ta ciki.

Na ce, "Yaya kika gan shi?"

Ta ce akwai wuraren da da ita ce ba haka za ta yi ba, amma ba laifi, ta saya wa 'ya'yanta, ƙaramar har ta fara haɗa baƙi. Sannan ta ciro wata sabuwar maƙala daga jaka ta ce in ina da lokaci in duba mata Turancin kafin Litinin.